Nene Hawang Tana Koyon Taka Ƙasa

Tafkin Tempe,
lokacin cikar ruwa.

Zuwa ga Daeng Rosmini, a Samarinda.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, ke da maigidanki da yara, da fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Mu nan kalau muke, sai godiya. Kawu Beddu ya yi mura amma ta sake shi. Ruwa ya cika, kifi ya watse cikin ciyawa.

Ba ki san ni ba. Sunana Cenning, jikar Nene Hawang, wato Kaka Hawang, uwar babana da Kawu Beddu. Kakanki Ambo Dalle, wanda ya shiga jirgin ruwa ya tafi can tsibirinku na Kalimantan tun kafin a haifi babana, yayan Nene ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya sa nake kiran ki Daeng, wato Yaya. Wata mata da ta zo biki bara ce ta ce ke malamar motsa jiki ce, ta rubuta mini sunan makarantarku. Kawu yana da waya, amma ni in aka miƙo mini ita muryata gudu take yi. Shi ya sa na rubuto. Ki yi haƙuri da rubutuna, a firamare na tsaya.

Sunan Nene ya fito a aikin Hajji mai zuwa. Tun ina goye take jira. Ranar da labari ya zo ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin ruwa tana kallon inda rana take faɗuwa, ta nuna mini da haɓa ta ce, "Can ƙasa mai tsarki take, bayan waɗancan balbelun."

An kira maniyyata asibiti a garin Sengkang. Da aka gama auna jini sai aka kai su filin ƙwallo, aka ce su zagaya da ƙafa. Nene ba ta kai rabi ba ta tsaya, ta dafa gwiwa tana haki. Likitan, wani saurayi mai fara'a, ya ce zuciyarta ba ta da ciwo, juriya ce babu. Ya ce zai sake duba ta idan ruwa ya janye. In ya same ta haka ba zai sa hannu ba, sai dai a ɗaga mata zuwa wata shekara. Daeng, Nene ba ta da shekarun da za ta ba da aro.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Nene ta fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Ita kaɗai take tuƙa kwale-kwale har tsakiyar tafki, ta ɗaga kwandon kifi mai gishiri wanda ni ko motsa shi ba na yi. A hanyar dawowa ta ce, "Wancan ɗan likitan, a miƙa masa filafili mu gani. Ko kainuwa ba zai tsere wa ba." Na yi dariya, ita kuwa ta kau da kai.

Tun ranar Kawu ya karɓe filafilin. Ya ce uwarsa baƙuwar Allah ce yanzu, ba za ta ƙara ɗaga ko tsinke ba, ta zauna ta tara ƙarfi. Maƙwabta kuma kullum suna zuwa neman albarka da wainar ayaba mai sukari, ita kuwa ba ta iya mayar da hannun kyauta.

Don Allah, mece ce juriya, kuma a ina ake samo ta? In tambayar ta wauta ce, ki yaga takardar, ba wanda ya san na rubuto.

Ƙanwarki,
Cenning.


Samarinda.

Ƙanwata Cenning,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe da sabuwar innarsu. Na karanta takardarki a ɗakin malamai, har aka tambaye ni me ya shiga idona. Kakana ya rasu yana ambaton ƙanwarsa Hawang, wadda ya ce ta taɓa tura shi ruwa a kan ayaba guda. Ki gaishe ta, ki ce jikar Dalle tana neman gafara a madadinsa, ko da yake shi aka tura.

Tambayarki ba ta wauta ba ce, ita nake fama da koya wa ɗalibaina. Jiki ɗalibi ne mai taurin kai, abin da aka koya masa kaɗai ya sani. Hannayen Nene da bayanta sun yi shekara da shekaru suna karatu, ƙafafunta kuwa ba su taɓa zuwa makaranta ba. A zaune take tuƙi, ruwa yana ɗauke da nauyinta. Lafiyayyen jiki ba mai ɗaga kaya ba ne kawai. Shi ne wanda zai yi aikin da ke gabansa har ya gama, kuma numfashi ya rage masa. Aikin da ke gaban Nene tafiya ce: ɗawafi, Safa da Marwa, hanyar jifa. Juriya ita ce zuciya da huhu da ƙafa su saba da aiki tare na dogon lokaci, kuma a tafiyar ake samo ta, ba a kanti ba.

Ki gaya wa Kawu, ƙarfi ba shinkafa ba ne da ake tarawa a rumbu. Wanda ya zauna yana gadinsa, zurarewa yake yi.

Ga abin da za ku yi. Kullum da safe, kafin rana ta yi zafi, ku taka a hankali zuwa ƙarshen titinku ku dawo. In ya zama mata wasa, ku ƙara gida ɗaya ko biyu. Ta riƙa hawa da sauka a matakalar gidanku tana riƙe da katako. In ta ji ciwon ƙirji ko jiri, ku tsaya nan take, ku nufi asibiti.

Ki rubuto mini yadda ake ciki. Rubutunki ya fi na wasu malamanmu kyau, kada ki faɗa musu.

Yayarki,
Rosmini.


Tafkin Tempe.

Daeng,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma haka, sai dai Nene ta fara ƙiba a kumatu. Ta ce in gaya miki ayabar tata ce, kuma har yau ba ta yafe ba.

Takarda biyu na yaga kafin wannan, saboda kunyar abin da zan faɗa. Daeng, ba mu da titi. Matakala ma ba mu da ita. Gidanmu a kan gora yake yana yawo bisa ruwa, an ɗaure shi da igiya a turke ɗaya. In iska ta juya, gidan ya juya. Sai ka yi asuba ƙofa tana kallon gabas, la'asar ta same ta tana kallon duwatsu. Ƙarshen titinmu tilas sai da iyo.

Ban karanta wa Kawu takardarki ba. Na ɗauko ta sau uku, da ya ɗago ido sai na ce shayi zan tambaye shi ko yana so. Nene kaɗai na karanta wa. Da na zo wurin ƙafafun da ba su je makaranta ba ta ce, "To ai gado suka yi, mai su ma ba ta je ba."

Abin da muke yi, da Kawu ya tafi duba raga sai mu kwashe kifin da ke shanye a dandamalin da ya kewaye gidan, mu riƙa zagayawa. Ita a gaba, ni a baya. Da sassafe hazo yakan rufe komai, ba tudu, ba maƙwabta, sai farin sarari da ƙarar gora a ƙarƙashinmu. Gidan yana juyawa a hankali, mu ma muna juyawa a kansa, har in rasa wa yake kewaya wa. Jiya ta ce, "Ke kurman kifi, mu juya, gidan ya koma hagu da mu. Ɗakin Allah a hagu yake zama in ana ɗawafi." Na ga bakinta yana motsi. Ina jin a ranta ba a tafki take ba. Ni ma sai na ga kamar balbelun nan da ke tsaye a kan kainuwa mutane ne cikin fararen kaya suna jiran ta wuce.

Amma dandamalin gajere ne, kuma gora tana lotsawa ta ɗago ƙafar mutum, kamar tana taya shi. Ba irin filin ƙwallo ba ne. Don haka na yi wata dabara. Tafiyar titin da ba mu samu kullum, zan tara mata ita har ranar kasuwa. Kawu ya yarda ta je Sengkang ta zaɓi farin yadi. Daga inda ake ɗaure kwale-kwale zuwa kasuwa ba za mu hau babur ba, a ƙafa za mu je mu dawo. Kin ga ta rama ta mako guda a rana ɗaya.

In ban ji daga gare ki ba, zan ɗauka na yi daidai.

Ƙanwarki,
Cenning.


Tafkin Tempe,
ruwa ya fara ja.

Daeng,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa lafiya ce ta sa ki shiru. Ni lafiyata kalau. Nene ce ba lafiya, kuma ni na ja.

Na jira amsarki har ranar kasuwa, ba ta zo ba, sai muka tafi. Tun daga takun farko Nene take tangaɗi kamar ɗan akuya sabuwar haihuwa. Ta ce, "Wannan ƙasar ba ta da ladabi. Ina taka ta, ba ta amsawa." Na ce ta daure. Mun kai kasuwa, mun sayi yadin, tana gumi tana cewa ba komai. A dawowa, daidai shagon masu saƙar siliki, sai kawai ta zauna a tsakiyar hanya. Ba faɗuwa ta yi ba, zama ta yi, ta rungume yadin kamar jariri. Mutane suka taru. Wata ta ce, "Wace marar imani ce ta sa tsohuwa tafiya cikin ranar nan?" Ina tsaye a wurin, na sunkuyar da kai. Wani mai babur ne ya kai ta bakin ruwa.

Labari ya riga mu isa gida. Kawu bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya dube ni ya ce, "Ke da ba ki iya gaishe da baƙo ba, yau ke ce likita?" Ya ce in ya sake ganin uwarsa tana zagaya gida kamar kazar da aka ɗaure, zai mayar da ni wurin dangin mamata a tudu.

Gwiwoyinta sun kumbura. Mun shafa man kwakwa da citta, kumburin ya sauka, amma ita ba ta tashi ba. A zaune take salla yanzu. Maƙwabta sun ƙara yawan waina, wai don ta farfaɗo. Abin da ya fi ba ni tsoro, ta daina yi mini faɗa. Shekaranjiya na ƙona shinkafa da gangan, ta ci ba ta ce uffan ba. Yadin yana rataye a bango, ba ta ce a kai wa tela ba.

Kullum da safe ina duba turken da gidanmu yake ɗaure. Inda ruwa ya bari yana ƙara tsawo, baƙi, da dodon koɗi manne a jiki. Da can ina son lokacin nan, don tudu yakan fito a shuka masara. Bana ji nake kamar in riƙe ruwan da hannu. Na yi mafarki jirgin sama ya sauka a kan tafki kamar zalɓe, maniyyata suna takawa bisa ruwa suna shiga, Nene tana zaune a ƙofa tana ɗaga musu hannu.

Daeng, ko kin yi fushi ne don na ce ba mu da titi? Ba gyara miki magana na yi ba, wallahi. In kuma kin ga mu mutanen ruwa ba ma jin karatu, ki faɗa mini a layi ɗaya, zan daina damun ki.

Cenning.


Samarinda.

Cenning, ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu lau. Na raka ɗalibaina gasar guje-guje a wani gari, daga nan aka yi hutu. Takardunki biyu suna kwance a makaranta, yau na same su tare. Na karanta ta farko ina cewa "kada, kada", na buɗe ta biyu na tarar an riga an yi.

Fushin me? Ni ce na shimfiɗa muku titi a kan ruwa ban tambaya ba. Kakana ya sha faɗa mini gidansu yana juyawa, na ɗauka tatsuniyar tsofaffi ce.

Ki saurara. Tafiya ma ba a tara ta. Maganin mako guda in aka shanye a rana ɗaya, guba ne. Jiki ba lokacin aiki yake ƙaruwa ba, sai a hutun da ya biyo baya. A ba shi aiki kaɗan da ya ɗara abin da ya saba, a bar shi ya huta ya gyara kansa, sannan a ɗan ƙara. Tsamin jiki na kwana ɗaya ba komai ba ne. Kumburi ko ciwo mai suka, wannan jiki ne yake cewa an yi masa yawa. In gwiwar ta sake kumbura ko ta yi zafi, likita za ku kai ta, ba ni ba.

Ku fara daga inda take. Ta zauna a kan akwati ta miƙe tsaye, ta sake zama a hankali, tana dafe da ginshiƙi. In cinya ta fara ɗumi, ta bari sai gobe. Ta riƙa ɗagawa a kan yatsun ƙafa. In jiki ya yi ɗumi ta miƙe gaɓoɓi, ba da ƙarfi ba. Tangaɗin kuwa kada ya dame ki. Ƙafar da ta saba da ƙasa mai motsi sai ta koyi wadda ba ta motsi, kuma za ta koya. Amma sai an sami ƙasar, kullum, ba ranar kasuwa ba.

Ba ku bukatar agogo. Bakinta ne ma'auninku. In tana tafiya tana iya yi miki faɗa, magana cikakkiya har ƙarshe, saurin ya yi daidai. In maganar tana yankewa, ku rage. In ta fara waƙa, ku ƙara.

Ba ki ba ni lambar Kawu ba, kuma na san dalili. Shi ba maƙiyi ba ne, ɗa ne mai tsoron rasa uwarsa. Layin nan na ƙasa nasa ne, kuma da bakinki za ki karanta masa.

Kawu Beddu, ina gaisuwa. Kai ka fi ni sani: kwale-kwalen da aka jingine a tudu don ana ji da shi, shi yake fara tsagewa.

Yayarki,
Rosmini.


Tafkin Tempe,
kusa da gonakin masara.

Daeng,

Assalamu alaikum. Ina fatan ku da yara kuna lafiya. Mu kalau. Ki dubi saman takardar nan, mun tashi!

Na karanta masa. Yana ɗinkin raga, na tsaya a bayansa don kada in ga idonsa. Muryata ta fito siririya kamar ta sauro. Ya ce, "Me? Da ni kike ko da ragar?" Na sake, da ɗan ƙarfi. Da na kai wurin kwale-kwale sai allurar ta tsaya a hannunsa. Ya ce, "Wannan malamar ta taɓa riƙe filafili kuwa?" Sai muka ji murya daga cikin ɗaki: "Beddu, ni na haife ka ko kai ka haife ni? Ka ajiye ni kamar tulun biki, har gizo-gizo ya fara saƙa a gwiwata." Daeng, rabon da in ji faɗanta har na manta. Na kusa yin kuka don daɗi.

Kawu ya ci gaba da ɗinkin ragarsa. Amma ranar Juma'a, da yake ba a kamun kifi, sai ga maƙwabta da kwale-kwale huɗu masu inji. Suka kwance igiya suka ja gidan. Ni da Nene muna zaune a ƙofa, tafki yana wucewa ta gabanmu, tukunya tana kan wuta, kyanwa tana barci, kamar ba tafiya muke ba. Suka kafa sabon turke kusa da wani dogon tudu da ruwa ya bari. Daga nan wurin ragarsa ya yi masa nisa ƙwarai. Da wani ya faɗa masa haka, ya ce ai iskar nan ta fi daɗi. Ya sa mana katako daga dandamali zuwa ƙasa, ya gwada shi da nauyinsa har ya gamsu.

Mun fara da akwatin. Nene tana kiransa kishin kujera, wai mutum ya zauna ya fasa. Ranar farko a tudu, iyakarmu wani fasasshen kwale-kwale da ke kusa. Ta ce, "Shi ke nan? Don wannan kika tashe ni?" Na ce Daeng ce ta ce. Bayan kwanaki muka kai bukkar mai gadin masara. Yanzu muna wuce bukkar har wata bishiya da ruwa yakan shanye rabinta. Juma'a hutu. Waina kuma, raba wa yaran maƙwabta take yi, ta ce ladan ya fi.

Wahalar ɗaya ce, kullum sai na nemo abin da za ta yi faɗa a kai. Na ƙare laifuffukana, na shiga na Kawu, yanzu muna kan na Ambo Dalle. Da na ji maganar ta fara gutsurewa sai in tsaya kamar ƙaya ta soke ni. Ta gane, amma tana yi kamar ba ta gane ba. Jiya, wajen bishiyar, sai na ji tana rera wata tsohuwar waƙar masunta. Na ce, "Nene, ƙara sauri." Ta ce, "Ja'ira, ko waƙa sai da izininki?"

Da safe ƙasar tana da laushi, sawunmu yakan zauna a kai. In mun juyo nakan ga layi biyu sun miƙe cikin raɓa, nata da nawa, har inda ido ya gaza. Wani lokaci nakan ɗauka in muka bi su ba mu juyo ba, za mu wuce masara, mu wuce duwatsu, mu wuce teku.

An aiko cewa maniyyata su koma filin ƙwallo mako mai zuwa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Cenning.


Tafkin Tempe.

Daeng,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa kuna lafiya. Mu lafiya, sai dai maƙogwarona yana ciwo, za ki ji dalili.

Mun je. Kawu da kansa ya kai mu. Filin ya cika da maniyyata da danginsu, ga masu sayar da ruwan kwakwa. Wata malamar asibiti ta ce dangi su tsaya bayan igiya. A nan gabana ya faɗi. Ban taɓa tunanin cewa Nene ita kaɗai za ta yi tafiyar ba, babu wanda za ta yi wa faɗa.

Aka busa usur. Da farko ta tafi daidai. Sai wata mata 'yar birni mai farin takalmi ta wuce ta, tana kaɗa hannu. Kin san jinin gidanku. Nene ta dube ta, ta ɗage zane, ta bi ta. Ina gani daga nesa bakinta ya buɗe, kafaɗunta suna hawa da sauka, kamar wancan karon. Kawu ya ce, "Kai, tsohuwa tana wuta!" Na ce a raina wutar kara ce. Ba ta kai rabi ba, kuma likitan yana kallo.

Ban san lokacin da na taka kan wani benci ba. Na ji wata murya ta cika filin, ashe tawa ce: "Nene! Kifin da kika yi wa gishiri jiya lami ne! Kawu ya ce na maƙwabta ya fi!"

Kowa ya juyo yana kallona. Kawu ya ce, "Ni? Yaushe?" Nene ta waiwayo. "Wane... Beddun? Wanda... bai san..." Maganar ta ƙi fita. Na ga ta ji da kunnenta. Sai ta rage sauri, ta bar mai farin takalmi ta tafi, ta ja numfashi, ta ɗaga murya: "Beddun da bai san gishiri da toka ba, shi zai koya mini gyaran kifi?" Cikakkiya, Daeng, har ƙarshe.

Na sauko na riƙa bin igiya ta waje, tana tafiya ina jefa mata. Na ce shayinta ruwa ne. Na ce ayabar nan ta Ambo Dalle ce. A kan ayabar kaɗai ta yi zagaye guda. Mutane suna ta dariya, wasu tsofaffin ma suka rage sauri don su ji ƙarshen shari'ar. Na ji likitan yana tambaya, "Wace ce wannan mai lasifika?" Kawu ya ce, "'Yar ɗan'uwana ce. Ba ta magana."

Ba ita ta zo ta farko ba, kusa da ƙarshe ta zo. Amma ba ta tsaya ba ko sau ɗaya, ba ta dafa gwiwa ba. Mai farin takalmin muka tarar zaune ana yi mata fifita. Likitan ya riƙe hannun Nene yana jin bugun jini, ya daɗe, ya ce, "Nene, me kika ci haka?" Ta ce, "Baƙin cikin jika." Ya yi dariya ya sa hannu.

Sai a lokacin kunya ta kamo ni. Na ja mayafi na rufe fuska, ban buɗe ba har bakin ruwa.

A cikin kwale-kwale barci ya ɗauke ta, ta miƙe ƙafafunta a kan cinyata. Na taɓa tafin ƙafar, na ji ya yi kaushi, da 'yar tsaga a dunduniya kamar ta manoma. Kawu ya kashe inji don kada ta farka, ya ɗauki filafili. Haka muka shigo a hankali, ruwa kamar an shafa masa mai.

Da ta farka ta ce in tambaye ki sunan mahaifiyarki da na yaranki duka, tana so ta ambace su a can. Ki rubuto su da manyan baƙaƙe. Ba ta karatu, ni zan riƙa biya mata su da safe, muna tafiya.

Ƙanwarki,
Cenning.